Me Ya Sa Aikin Ɗan Kasuwa Ke Tsayawa a Linta?

Duk wanda ya bi hanyar fita Sakkwato, ta Illela ce ko ta Gusau ko ta Birnin Kebbi, ya san abin da zan yi magana a kai. Gini ya tashi har linta ya tsaya, rodi ya yi tsatsa a sama, tumfafiya ta tsiro a tsakar ɗaki, awaki sun mai da shi wurin kwana. Wani wurin ma an rufa kwano an ja waya, amma injin da aka sayo da miliyoyi yana nan cikin akwatinsa, ɓeraye na gaigayar robar jikinsa. Ka tambayi maƙwabta, amsarsu ɗaya ce: kuɗin Alhaji ne suka ƙare.

Ni ban yarda da wannan amsa ba. Ƙarewar kuɗi ranar jana'iza ce kawai, ciwon ya daɗe a jiki. Masu waɗannan kangaye ba sakarkaru ba ne, cikinsu akwai wanda zai dubi tirelar albasa ya faɗa maka ribarta tun ba a sauke buhun farko ba. Abin da ya kayar da su shi ne sun kama aiki da hannun ciniki.

Ciniki juyawa yake yi. Ka saro da safe ka sayar da yamma, in ka yi kuskuren farashi kafin la'asar kasuwa ta gaya maka, gobe ka gyara. Aikin da nake nufi kuwa shi ne mai farko da ƙarshe: gina sito, kafa injin casar shinkafa, buɗe reshen shago a Tambuwal, mai da gidan mai kan wutar sola. Irin wannan sai ya yi wata da watanni yana cin kuɗi bai dawo da sisi ba, kuma kuskuren da aka tafka a makon farko ba ya bayyana sai a wata na bakwai, lokacin da gyaransa ya riga ya yi tsada. Bari mu ɗauki misali ɗaya mu bi shi har ƙarshe: ɗan kasuwa yana son kafa ƙaramin kamfanin ruwan leda, wato fiya wata.

Kafin a sayi bulo ko ɗaya, a rubuta abin da ake nufi da "an gama". Shafi ɗaya ya isa. "Ina son in buɗe kamfanin ruwa" buri ne, ba a aiki da shi. Abin da ake aiki da shi shi ne: ranar 1 ga Maris wurin yana fitar da jaka 1,000 a yini, da lambar NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, a jikin leda, da mota ɗaya ta kai kaya, kuma duka bai wuce naira kaza ba. Da zarar ka sa adadi, sauran abubuwa za su faɗi girmansu da kansu. Jaka ɗaya leda 20 ce, kowace leda rabin lita. Jaka 1,000 ke nan leda 20,000, wato lita 10,000 ta tataccen ruwa. Injin ɗaure leda irin wanda ya cika kasuwa yana yin wajen leda 2,000 a awa. To inji ɗaya sai ya yi awa 10 cur, babu canjin naɗin leda, babu ɗaukewar wuta, babu salla babu cin abinci. Ka ga ke nan ko inji biyu, ko ma'aikata rukuni biyu. Daga nan ne za a san girman tanki, da ƙarfin famfon rijiya, da girman janareto. Janareton ma ba a auna shi daidai wa daida da abin da aka rubuta a jikin injuna, domin kowane famfo yana fizgar wuta ninki-ninki a daidai lokacin da aka tayar da shi.

A ƙasan shafin kuma a rubuta abin da ba ya cikin aikin: babu ruwan gora, babu shaguna a gaba, babu bene. Wannan layin zai yi maka amfani nan gaba fiye da yadda kake zato.

Sai tsarin me ke gaban me, kuma a nan ne aka fi yin ɓarna. Ɗan kasuwa yakan fara da abin da ya fi burge shi. Inji abu ne da ake gani, ana ɗaukar hotonsa a tura wa abokai, shi ya sa shi ake fara saye. Ƙa'idar da nake kira a riƙe ita ce: abin da zai iya kashe aikin gaba ɗaya, shi ake fara taɓawa, tun kuɗin da aka zuba kaɗan ne. A kamfanin ruwa, ruwan ne. A kira masu auna ƙasa, a haƙa rijiyar burtsatse, a kunna famfo awanni masu yawa a jere a ga ko tana jurewa, sannan a kai ruwan ɗakin gwaji. Ƙasar Sakkwato ba iri ɗaya ba ce. Inda akwai dutsen farar ƙasa irin wanda kamfanin siminti ke haƙa a Kalambaina, ruwa yakan zo da nauyi, sabulu ba ya kumfa sosai. Wani wurin ruwan zai fito garau, ka ajiye shi a bokiti zuwa gobe ya yi ja, ƙarfe ke nan. Wani wurin zartsi ne. Kowanne da irin matatar da ke maganinsa, kuma matatar da ke cire gishiri tana zubar da ruwa mai yawa, wani lokaci kusan rabin abin da aka ba ta. Lita 10,000 ɗin nan ta iya komawa 20,000 daga rijiya. Wanda ya riga ya sayi matata kafin sakamakon gwaji ya fito, ya ɗinka riga bai ga mai sawa ba. In da hali ma, kada a kammala biyan kuɗin fili sai an ga ruwan, ko a ƙalla a gwada na rijiyoyin maƙwabta. A kuma duba ina masai da ramukan bahaya na maƙwabtan suke, domin ana son tazarar a ƙalla mita 30 tsakaninsu da rijiya.

In sakamako ya fito da muni, a tsaya. Na san da ciwo, an riga an faɗa wa mutane, an kashe miliyan ɗaya ko biyu. Amma da muguwar rawa gara ƙin tashi. Kuɗin da suka riga suka tafi ba hujja ba ce ta tura wasu su bi su.

In ruwa ya yi kyau, sai a jera ayyukan da dole ɗaya ya jira ɗaya, a sa wa kowanne kwanakinsa. A ce, don misali, rijiya da gwaji mako 4. Zane da izinin gini mako 3. Gini daga tushe zuwa rufi mako 10. Tayil, wayar wuta da aikin famfo mako 4. Girka injuna da gwada su mako 2. Zuwan jami'an NAFDAC su duba wuri, su ɗebi samfur, har lamba ta fito, a ware mako 12. Buga leda mako 3, kuma ba a buga ta sai lamba ta fito, tunda lambar a jikinta take. Jimla mako 38. Yanzu ka ƙirga baya daga 1 ga Maris, za ka sauka a farkon Yuni. Ma'ana, wanda ya tashi a Disamba yana cewa yana son ya kama kasuwar bazara, ya riga ya rasa ta tun bai fara ba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Dubi kuma inda ginin ya faɗa a wannan lissafi: daga ƙarshen Yuli zuwa farkon Oktoba. Tsakiyar damina. Leburori sun koma gona, yashin gulbi ya yi wuyar samu don ruwa ya cika, tifa tana kafewa a hanya, ramin tushe yana cika da ruwa. Saboda haka mako 10 ɗin nan ƙarya ne, sai dai a fara komai da wuri, tun a Afrilu. Hakan ma ya fi, domin rijiyar da aka gwada a ƙarshen rani, lokacin da ruwan ƙasa ya yi ƙasa iyakar yinsa, ita ce ta faɗi gaskiyarta. A Satumba kuwa kowace rijiya ma gwana ce. Sannan a cire makon ƙaramar salla da na babba daga lissafi, a kuma san cewa cikin azumi aikin ƙarfi ba ya wuce azahar. Azumi yana matsowa da wajen kwana 11 duk shekara, don haka jadawalin bara ba zai yi maka bana ba.

Wannan jerin da na lissafa, injiniyoyin Amurka sun tsara hanyar fitar da shi tun shekarun 1950, amma ma'anarsa ba ta da wuya: duk kwana ɗaya da aka rasa a kan wannan layi, kwana ɗaya ne aka ƙara wa ranar buɗewa. Sauran ayyuka, irin rajistar kamfani a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, da rajistar sunan kaya, da sayen mota, da odar inji, suna tafiya ne a gefe, suna da sarari. Rajistar CAC dai a gama ta da wuri, don ba a zuwa NAFDAC babu ita. Inji kuwa sai a mako na 21 ake bukatarsa, in yana ɗaukar mako 8 kafin ya iso, odarsa ta mako na 12 ko 13 ce. Amfanin sanin haka shi ne mai aiki ya san inda zai sa ido. In mai fenti ya makara, a yi masa faɗa a wuce. In birkila ya makara, a tashi tsaye.

Wani zai ce, ai wanda ya sayi inji da wuri a 2023 shi ya ci riba. Gaskiya ne. A farkon Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, kafin ƙarshen Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Wanda ya jira mako na 13 a wancan lokaci ya sha wuya. Ban ce kada a sayi kayan waje da wuri ba. Sharaɗi biyu ne: gwajin ruwa ya riga ya nuna irin wanda za a saya, kuma kuɗin da suka rage bayan sayen sun isa su kai gini ƙarshe. In sayen inji zai cinye kuɗin rufi, to ka tsere wa dala ka faɗa kango. A kuma tuna garantin inji yakan fara ƙirga ne daga ranar saye, yana iya ƙarewa injin na cikin kwali.

Akwai abubuwan da kuɗi ba sa sa su sauri. Kankare sai ya kwana 28 yake kai cikakken ƙarfin da ake auna shi da shi, a kwana 7 wajen kashi biyu cikin uku yake. A zafin Afrilu na Sakkwato, da ake haura digiri 40, kankaren da aka zuba da tsakar rana ruwansa ke tserewa kafin siminti ya gama kamawa, sai ya tsattsage. A zuba da sassafe ko da yamma, a rufe da buhuna, a yi ta ba shi ruwa a ƙalla kwana 7. Bulo ma haka. Wanda aka buga shekaranjiya aka ɗora yau, bango ne zai biya bashin.

Mu zo kan kuɗi. Cutar da ta fi kowace kisa ita ce aljihu ɗaya. Kuɗin shago da kuɗin aiki da kuɗin cefane duk a asusu guda. Yau albasa ta faɗi a kasuwa, Alhaji ya ga garaɓasa, ya ɗebi kuɗin kwano ya saro, da niyyar in ta tashi ya mayar. Albasa ba ta tashi sai bayan watanni, kafinta ya kama wani aiki a Wamakko, damina ta sauka kan ginin da babu rufi. A buɗe wa aikin asusunsa daban, abin da ya shiga ba ya fita sai don aikin.

Kasafi kuma a yi shi da ƙirge, ba da "zai ci kamar miliyan ashirin" ba. Bangon da ke da tsawon mita 12 da tsayin mita 3 murabba'in mita 36 ne, kowane murabba'i yana cin bulo 10, bulo 360 ke nan, a ƙara kashi 5 cikin 100 na fashewa. Haka za a bi siminti, rodi, katako, kwano, waya, kowanne da adadinsa da farashinsa daga wurin mutum uku, a rubuce, da kwanan wata. In ɗaya daga cikin ukun ya yi ƙasa sosai, kada ka yi murna, ka tambaya me ya cire. Mai bulo yana iya rage maka farashi ta hanyar fitar da bulo 50 daga buhun da ya kamata ya ba da 30 da ɗoriya. Araha ba ta ado.

Bayan wannan jimla akwai kaso biyu da kusan kowa ke mantawa. Na farko kuɗin ko-ta-kwana, kashi 10 zuwa 15 cikin 100, in farashi na hawa kamar yadda muka gani bayan cire tallafin man fetur a 29 ga Mayun 2023 ma a ƙara. Na biyu kuɗin juyawa na wata uku bayan buɗewa: naɗin leda, man janareto, albashi, man mota, ga masu shaguna da za su karɓi ruwa bashi su ce sai sun sayar. A ce kana da naira miliyan 30. Abin da za ka iya zubawa a gini da injuna bai wuce 21 ba, 4 na ko-ta-kwana, 5 na juyawa. In lissafi ya nuna aikin na 27 ne, ba ka da kuɗinsa. Ka rage shi: inji ɗaya maimakon biyu, hayar mota maimakon saye, amma a bar wurin inji na biyu a zane. "A fara, Allah zai kawo sauran" magana ce mai daɗin ji, kuma ba mai musun cewa Allah ke kawowa. Sai dai yawancin kangayen bakin hanya da ita aka aza tushensu.

Biyan ma'aikata ya bi aiki, kada ya bi kalanda ko roƙo. A raba jinga zango-zango: kaza in an gama tushe, kaza in an kai linta, kaza in an rufa. Kafin alƙalami ya zama kaɗan. Ko gwamnatin tarayya, a dokar ba da kwangila ta 2007 yadda aka fara yin ta, ta ƙayyade kada ya wuce kashi 15 cikin 100, shi ma sai da takardar lamuni daga banki ko kamfanin inshora. Kai da ba ka da lauyoyin gwamnati, me zai sa ka miƙa rabi? Duk ranar da kuɗin da ke hannun magini suka fi aikin da ke ƙasa, kai ne ke binsa da lallashi. Amma a yi adalci ta ɗaya ɓangaren: in ya kai zango, a biya shi a ranar. Mai aikin da ke jan ƙafa wajen biya shi ke koya wa magini kama aiki biyu.

To wa ke riƙe da aikin? A yawancin wuraren da na kwatanta, amsar ita ce kowa. Alhaji ya zo da safe ya ce a yi kaza. Babban ɗansa ya zo da rana ya ce ba haka Baba ke nufi ba. Da yamma ƙanin Alhaji ya biyo da wani abokinsa injiniya su ce tagar ta yi ƙasa. Magini ba wawa ba ne, zai bi wanda maganarsa ta fi yi masa sauƙi, in abu ya lalace ya ce wane ne ya ce.

Masu cewa kakanninmu sun yi fatauci ba tare da wannan tsare-tsare ba, su sake duba tarihi. Ayarin da ke tashi daga ƙasar Hausa zuwa Gwanja, a kai kanwa da tufafi da fatu a dawo da goro, aiki ne mai farko da ƙarshe, na watanni. Ana tashi ne bayan ɗaukewar ruwa, an san zangon da za a kwana, an tanadi abin da za a biya a mashigin kogi da ƙasar kowane sarki. Akwai jagaba mai sanin hanya, akwai uban dawaki, kowa da aikinsa. Kuma attajirai da yawa ne ke da kaya a cikin ayarin, amma madugu ɗaya ne. Abin da muka yar ke nan.

A naɗa mutum ɗaya, a tara kowa a faɗa a gabansu cewa umarni daga bakinsa kaɗai yake fita, har na Alhaji ta wurinsa zai bi. A yanka masa iyaka: abin da bai wuce naira 200,000 ba, misali, ya yanke da kansa, abin da ya haura ya kira. In babu wannan iyaka, ko dai ya riƙa kashe kuɗi yadda ya ga dama, ko aiki ya tsaya cik duk ranar da Alhaji ya tafi Umara. Ga kuma maganar da ba a son ji: kada ka ba wanda ba za ka iya cirewa ba. Suruki, ko yayan matarka, ko ɗan babban yayanka, in ya iya aikin kuma za ka iya duban idonsa ka ce "ina rasit?", bismilla. In kunya za ta hana ka, ka yi masa alheri ta wata hanya, zai fi maka arha.

Mai saye kuma kada ya zama shi ne mai karɓa. Wani ya sayo siminti, wani daban ya ƙirga ya rubuta a littafin sito: buhu nawa ya shigo, nawa ya fita yau, don wane aiki. A ajiye buhunan da aka zazzage a ƙirga su da yamma. Wannan ba zargin kowa ba ne, kariya ce ga mai gaskiya, don ranar da lissafi ya ƙi fita yana da abin nunawa.

Sau ɗaya a mako, rana ɗaya tsayayya, a haɗu a wurin aikin, ba a falon Alhaji ba. Rabin awa ya isa. Me aka ce za a gama makon da ya wuce, an gama? Me za a gama wannan makon? Me zai hana? Kalmar da za a haramta a wannan zama ita ce "an kusa". "Ranka ya daɗe, ai an kusa" ta iya ɗaukar wata biyu. Aiki ko an gama ko ba a gama ba, shi ya sa ake yanka shi ƙanana yadda kowane yanki ba zai wuce mako ɗaya ba. Sannan a ajiye lambobi biyu kusa da juna: nawa aka kashe, kuma aikin nawa ne ke tsaye a ƙasa bisa farashin kasafi. In an ware wa gini miliyan 10, an kashe 7, amma abin da ke tsaye na miliyan 4 ne, to kowace naira ɗaya ta aiki tana cin naira 1 da kwabo 75. A haka ginin miliyan 17 da rabi zai ci. Gara ka san wannan a mako na 12 da ka gano shi ranar da asusu ya bushe. Wanda ya kawo mummunan labari da wuri kuma a gode masa. In ka zage shi sau ɗaya, daga ranar labari mai daɗi kaɗai za ka riƙa ji har ginin ya tsaya.

Yanzu ga amfanin layin nan na ƙasan shafi. Wata rana aboki zai raka Alhaji duba aiki, ya tsaya ya dubi gaban fili ya ce, "Alhaji, wannan wuri bakin titi, ai asara ne ba a fitar da shaguna uku ba." Shawarar ma wataƙila mai kyau ce. Amma shaguna uku tushe ne da bulo da kwano da ƙofofi, da makonni a kan layin da ba ya ɗaukar jinkiri, kuma daga kuɗin juyawa za su fito tunda babu wasu. Ba a hana canji. Sharaɗinsa dai, kafin a taɓa komai a rubuta abu uku: zai ci naira nawa, zai ƙara kwana nawa, daga ina kuɗin za su fito. Alhaji ya sa hannu. Sauye-sauye da yawa da kansu suke mutuwa da an rubuta farashinsu. Saƙon murya na WhatsApp da aka tura wa magini da tsakar dare ba umarni ba ne. WhatsApp na da kyau wajen turo hoton aiki kullum da hoton rasit, iyakarsa ke nan.

Na san za a ce yawan rubutu rashin yarda ne, mutumin da kuke sahu ɗaya a masallaci ka ce ya sa hannu a takarda? A garin Shehu bai kamata wannan ya zama abin muhawara ba. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce da a rubuta bashi zuwa ajalinsa, ƙarami ne ko babba, a kuma kafa shaidu. Kafin alƙalamin da ka ba magini nauyi ne a wuyansa, cikon da zai biyo kuma nauyi ne a wuyanka. Takardar ba sai da Turancin lauya ba. A rubuta da Hausa, boko ko ajami: aikin da za a yi, wa zai kawo kaya, nawa ne, zangon biya, ranar gamawa, me zai faru in an saɓa, shaidu biyu. Na yarda ba kowane aiki ke son wannan duka ba, wanda zai sake wa shago fenti ba ya bukatar jadawalin mako 38. Manhajar kwamfuta ma ba dole ba ce. Littafi mai bangon kwali da kwalin da aka zana makonni a manna a bango sun isa aikin miliyan 30.

A shafi ɗaya na littafin a rubuta abubuwa biyar ko shida da za su iya faruwa, da abin da za a yi in sun faru. Ba sai an ƙirƙiro ba, mun gani da idonmu: rufe iyakoki daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, ƙarancin takardun naira a farkon 2023 da ya sa biyan lebura ya zama aiki, sake rufe iyakar Illela bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023. In kayanka ko kasuwarka ta Ƙonni suke bi, ka san hanya ta biyu. In mai girka inji mutum ɗaya ne daga Kano ko Legas, ka nemi lambar wani.

Ranar da inji ya fitar da ledar farko ba ita ce ranar gamawa ba, ko da an yanka rago. A kunna komai tare, famfo da matata da injuna a kan janareto, a yi cikakken yinin aiki kwana uku a jere, a ƙirga ko jaka 1,000 ɗin da aka rubuta a shafin farko ta fita. A ɗebi ledoji a matse a ga ko bakinsu na yoyo. Mai girka inji kada ya hau mota sai ya koya wa mutum biyu, ba ɗaya ba, yadda ake saita zafin ɗauri da canza abin tacewa, ya kuma rubuta kayan gyaran da suka fi saurin lalacewa a saye su a ajiye. A zagaya gini da biro a rubuta duk abin da ya rage, ƙofar da ba ta rufuwa, tayil ɗin da ke ƙara in an taka, magudanar da ruwa ke kwanciya. A tattara rasit, zane, sakamakon gwajin ruwa, takardun CAC da NAFDAC da garanti a jaka ɗaya. Kashi 5 cikin 100 na kuɗin magini da kafinta kuma, wanda tun a takarda aka amince za a riƙe, ya zauna a asusun aikin har ruwan Agusta ya sauka a kan kwanon. In bai yi yoyo ba, a kira su a ba su cikonsu.